Jakadun Ingila a Fadar Napoli: Shekara Ɗari na Zumunci, Matsi da Juya Baya

In ka buɗe taswirar Turai ta yau ba za ka ga ƙasa mai suna Masarautar Sisili Biyu ba. Amma har zuwa 1860 babu ƙasar da ta kai ta girma da yawan jama'a a duk faɗin Italiya. Ta haɗa kudancin Italiya kacokan da tsibirin Sisili, mutanenta sun tasam ma miliyan 9, fadar sarkinta kuma tana Napoli, birnin da a ƙarni na 18 Landan da Paris kaɗai suka fi shi cika a yammacin Turai. Gidan Bourbon ne ke riƙe da sarautar tun 1734, lokacin da Charles, ɗan sarkin Sifaniya, ya ci ƙasar da yaƙi. A 1759 ya koma Madrid ya gaji sarautar Sifaniya, ya bar wa ɗansa Ferdinand karagar Napoli yana ɗan shekara 8.

Birtaniya ta ajiye wakili a wannan fada tun daga 1753, da zuwan Sir James Gray, har zuwa 1860. Jerin sunayensu gajere ne. Amma in ka tsaya a kan kowane suna ka tambaya me ya yi, wa ya amfana, wa ya kwana a ciki, za ka ga yadda babbar ƙasa ke juya ƙaramar ƙasar da take bukatar tashoshin ruwanta fiye da yadda take bukatar sarkinta. Napoli ba ta taɓa zame wa Ingila barazana ba. Darajarta a idon Landan ita ce wurin da Allah ya ajiye ta: Sisili na zaune a tsakiyar Bahar Rum, duk jirgin da ya taso daga mashigar Jibralta ya nufi Masar ko Istanbul sai ya gifta ta gefenta.

Wanda ake turawa Napoli ba jakada ne mai daraja ta ɗaya ba irin na Paris. Matsayinsa na biyu ne, wato wakili na musamman mai cikakken iko, matakin da taron Viyana na 1815 ya tabbatar a rubuce. Sai dai ƙarancin muƙami bai rage masa iko ba, saboda nisa. Kafin zuwan wayar tangarahu, wasiƙa kan yi makonni tsakanin Napoli da Landan, amsarta ma ta yi wasu makonnin. Kafin umarni ya iso, al'amari ya riga ya wuce. Don haka halin mutumin da ke wurin, da waɗanda yake cin abinci da su, da abin da yake tsoro, su ne sukan zama manufar Birtaniya a aikace.

Babu wanda wannan magana ta fi bayyana a kansa kamar Sir William Hamilton. Ya iso Napoli a ƙarshen 1764, bai bar aikin ba sai 1800, shekara 36 ke nan. A rabin farko na zamansa aikin jakadanci bai taka kara ya karya ba: koke-koken fatake, karɓar manyan baƙin Ingila da ke zuwa yawon buɗe ido, da rahoton abin da ake ciki a fada. Sauran lokacinsa ya ba da shi ga abu biyu. Na farko Vesuvius, dutse mai aman wuta da ke kallon birnin. Ya yi ta hawansa, ya shaida aman da ya yi a 1767 da 1779 da 1794, yana aika wa ƙungiyar masana kimiyya ta Landan bayanin abin da ya gani da idonsa, har suka ba shi babbar lambarsu a 1770. Na biyu tsofaffin tukwanen Girkawa masu zane da ake tonowa daga kaburbura a kudancin Italiya. Tarinsa na farko gidan tarihi na Birtaniya ya saye shi a 1772 a kan kuɗin da ya haura fam 8,000. Wani kaso na tari na biyu kuwa ya nitse da jirgin yaƙi Colossus a kusa da tsibiran Scilly da ke kudu maso yammacin Ingila a Disamban 1798.

Abin da ya ba shi shiga a fada kuwa farauta ce. Sarki Ferdinand mutum ne da bai damu da takarda ba, ransa na wajen harbin gursunan daji da kamun kifi, Hamilton kuma gwanin bindiga ne, don haka ya zama abokin fitarsa. Mulki na gaskiya yana hannun matar sarki, Maria Carolina, 'yar gidan sarautar Ostiriya, da kuma John Acton, wani ɗan asalin Ingila da aka ɗauko don gyara rundunar ruwa, ya yi ta hawa har ya zama shi ne mai faɗa a ji a gwamnati. Da Hamilton ya auri Emma Hart a 1791, ita kuma ta zama aminiyar sarauniya, sai ya kasance ofishin jakadancin Ingila da cikin gidan sarki sun zama kamar ɗaki da rumfa.

Juyin juya halin Faransa ne ya mai da wannan zumunci abin tsoro. A Yulin 1793 Hamilton ya sa hannu a yarjejeniyar ƙawance da ta shigar da Napoli yaƙi da Faransa. A Oktoban shekarar aka fille kan sarauniyar Faransa Marie Antoinette a Paris, ita kuwa ƙanwar Maria Carolina ce uwa ɗaya uba ɗaya. Daga nan sarauniya ba ta ƙara ganin duk mai maganar sauyi da idon rahama ba. Bayan hafsan sojan ruwan Ingila Horatio Nelson ya ragargaza jiragen Faransa a gaɓar Abu Kir ta Masar ranar 1 ga Agustan 1798, ya zo Napoli jinya ya sauka a gidan Hamilton. Shi da masu masaukinsa suna cikin waɗanda suka zuga fada ta tura sojoji su kori Faransawa daga Roma. Sojojin suka shiga Roma a Nuwamba, ba a jima ba aka fatattako su. Kafin ƙarshen Disamba sarki da iyalinsa da jakadan Ingila duk suna cikin jirgin Nelson suna gudu zuwa Palermo, babban birnin Sisili, cikin guguwar da ɗan sarki mai shekara 6, Alberto, ya rasu a hannun Emma.

A Janairun 1799 aka kafa jamhuriya a Napoli ƙarƙashin inuwar sojan Faransa. Waɗanda suka riƙe ta galibi masu ilimi ne: lauyoyi, likitoci, malaman jami'a, da wasu 'ya'yan manyan gida. Talakawan birni da na ƙauye ba su bi su ba. Wani babban limamin coci, Kadinal Fabrizio Ruffo, ya tara mayaƙa daga lardin Calabria ya ƙwato birnin a watan Yuni. 'Yan jamhuriya suka maƙale a ganuwoyi biyu na bakin teku, Ruffo ya yi sulhu da su: su miƙa wuya, a bar su da ransu, wanda ya so a kai shi Faransa ta jirgi. Wani kyaftin na sojan ruwan Ingila, Edward Foote, ya sa hannu, haka ma wakilan Rasha da na Daular Usmaniyya da ke taya sarki yaƙi.

Ranar 24 ga Yuni Nelson ya iso da jiragensa, Hamilton da matarsa na tare da shi, ya ce bai yarda da sulhun ba, sarki ba ya yarjejeniya da 'yan tawaye. Hamilton ne ya yi tafinta a cacar bakin da aka yi tsakanin Nelson da Ruffo. Kuma shi ne, bayan kwana biyu, ya rubuta wa Ruffo cewa Nelson ba zai yi abin da zai karya tsagaita wutar ba. Mutanen suka fito daga ganuwoyin suka shiga jiragen da suke zaton za su kai su Toulon ta Faransa. Jiragen ba su tashi ba. Aka tsare su ƙarƙashin bakin igwa, aka riƙa zaƙulo mutane ɗaya bayan ɗaya ana miƙa wa kotun sarki. Francesco Caracciolo, tsohon babban hafsan sojan ruwan Napoli da ya koma ɓangaren jamhuriya, an kama shi daban, aka yi masa shari'a a cikin jirgin Nelson ranar 29 ga Yuni, aka rataye shi a ranar. A watannin da suka biyo baya an kashe mutum wajen 100. Cikinsu akwai marubuciya Eleonora Fonseca Pimentel, da masanin shari'a Mario Pagano, da likita Domenico Cirillo, wanda ya taɓa duba iyalin Hamilton da kansa, ya kuma rubuta wa Emma yana neman ta sa baki, bai tsira ba.

Masana tarihi har gobe suna jayayya kan ko yaudara aka shirya da gangan ko kuwa rikicewar umarni ce. Ni a ganina, ko da an yi wa Hamilton kyakkyawan zato, laifinsa a fili yake. Amfanin jakada a irin wannan rana shi ne ya zama mutum ɗaya a ɗakin da ba shi da ramuwar gayya a zuci, ya tuna wa kowa cewa hafsan ƙasarsa ya sa hannu a takarda. Hamilton ya daɗe a fadar har ya daina bambance bukatar Ingila da fushin sarauniya. An yi tir da abin a majalisar dokokin Landan ta bakin ɗan adawa Charles James Fox a farkon 1800, a shekarar kuma aka maye gurbinsa da Arthur Paget. Nelson kuwa sarki ya ba shi sarautar Bronte a Sisili tukwici.

Waɗanda suka biyo baya, Paget da William Drummond da Hugh Elliot, ba su daɗe ba. A 1806 Napoleon ya mamaye Napoli ya naɗa wansa Joseph sarki, daga baya ya ba surukinsa Joachim Murat. Ferdinand ya sake tserewa Palermo, wannan karon na kusan shekara goma. Jiragen Ingila ne ke tsare masa teku, dubban sojojinta na jibge a tsibirin, baitulmalin Landan kuma na ba shi tallafin kuɗi duk shekara. Mai ciyar da kai kuma mai gadinka, wuya ne ka ce masa a'a.

A nan ne Lord William Bentinck ya shigo, a Yulin 1811, da hula biyu a kansa: jakada, kuma kwamandan sojojin Birtaniya a Sisili. Ya tarar da fada na rigima da manyan masu ƙasa na tsibirin kan haraji, an ma kama biyar daga cikin jagororinsu an kai su tsibirai an tsare. Yana kuma zargin sarauniya da tuntuɓar Faransawa a ɓoye. Bai tsaya lallashi ba. Ya sa aka dakatar da tallafin, ya nuna zai iya matso da sojoji Palermo. A Janairun 1812 sarki ya janye jiki ya miƙa wa ɗansa Francis riƙon ƙasa, aka saki waɗanda aka tsare, wasunsu suka zama ministoci. A shekarar majalisar Sisili ta amince da kundin tsarin mulki da aka kwaikwayo daga na Ingila, mai majalisa biyu, wanda ya soke tsohon ikon da masu ƙasa ke da shi a kan talakawansu. A 1813 Bentinck ya tilasta wa Maria Carolina barin tsibirin. Ta bi ta Istanbul da Odessa ta isa Viyana, ta rasu a can a Satumban 1814. Duk wanda ya san labarin Razdan a zamanin Turawa, mai "ba sarki shawara" alhali shawarar umarni ce, zai gane irin kujerar da Bentinck ya zauna a kai.

Mutumin ya yi imani da abin da yake yi, wannan ba a shakka. Amma tsarin mulkin nasa a kan bakin bindigar baƙo ya tsaya, baƙon kuma don Napoleon ya zo. Da Napoleon ya faɗi, sakataren harkokin waje Lord Castlereagh ya fi bukatar jituwa da Ostiriya a kan 'yancin mutanen Palermo. Aka cire Bentinck a 1814, aka kawo William à Court. A 1815 Ferdinand ya koma Napoli, ya yi wa Ostiriya alkawari a asirce cewa ba zai kawo tsarin da ya wuce wanda take yi a yankunanta na Italiya ba. A Disamban 1816 ya haɗe rawunansa biyu, na Napoli da na Sisili, suka zama ƙasa ɗaya mai suna Sisili Biyu, majalisar Palermo ba ta ƙara zama ba. À Court bai hana ba. 'Yan Sisili da suka fito fili suka bi Ingila, su aka bari da fushin sarki. Bentinck ya tayar da maganar a majalisar Landan a 1821, bai yi nasara ba. A shekarar ce kuma sojojin Ostiriya suka shiga Napoli suka murƙushe wani yunƙurin tsarin mulki da aka fara a 1820, Birtaniya ta ce ita 'yar ba-ruwanmu ce.

Dogon zama na biyu shi ne na Sir William Temple, daga 1833 zuwa 1856. Temple ƙanin Lord Palmerston ne, wanda ya riƙe harkokin wajen Birtaniya shekaru da dama a wannan tsakani. Sarkin lokacin, Ferdinand na II, jikan na farko, mutum ne mai kishin kada kowa ya juya shi, ba Ostiriya ba, ba Ingila ba. Karonsu na farko a kan farar wuta ne. A wancan zamani mafi yawan farar wutar da duniya ke amfani da ita daga ramukan Sisili take fitowa, masana'antun Ingila kuma ba su iya yi sai da ita, wajen haɗa albarushi da sinadaran da masaƙu ke bukata. Fataken Ingila ne suka mamaye cinikin. A 1838 sarki ya ba wani kamfanin Faransawa, Taix da Aycard, ikon mallakar fitar da ita, farashi ya yi sama. Landan ta ce an karya yarjejeniyar ciniki ta 1816. Temple ya yi ta kai takardun gargaɗi, sarki ya ƙeƙasa ƙasa, har ya kori ministan harkokin wajensa da ya ba shi shawarar ya sassauta. A 1840 jiragen yaƙin Ingila suka fara kama jiragen kasuwancin Napoli a teku. Faransa ta shiga tsakani, aka soke kwangilar, Napoli ta biya diyya. Ferdinand bai manta ba.

Daga 1848 rigimar ta tashi daga ciniki ta koma kan yadda sarki ke mulkin mutanensa. Palermo ta yi bore ranar 12 ga Janairu, tana neman a dawo mata da tsarin 1812. Lord Minto, wanda gwamnatin Landan ta turo rangadin Italiya, ya yi ƙoƙarin sulhu bai ci nasara ba. A Satumba sojojin sarki suka yi wa birnin Messina na Sisili ruwan bama-bamai, abin da ya jawo masa laƙabin Sarki Bom. Kafin tsakiyar 1849 ya gama da boren, gidajen yari suka cika.

Abin da ya fi yi wa masarautar illa a idon Turai bai fito daga alƙalamin jakada ba, amma ta ƙofar ofishin jakadanci ya bi. William Gladstone, ɗan majalisa a lokacin, ya zo Napoli a hunturun 1850 saboda ciwon idon 'yarsa. Lauyan ofishin jakadancin, Giacomo Lacaita, shi ya buɗe masa ido. Gladstone ya zauna a kotu ya ga shari'ar Carlo Poerio, tsohon minista, wanda aka yanke wa shekara 24 cikin mari. Ya shiga kurkuku ya ga fursunonin siyasa an ɗaure su bibbiyu da sarƙa. A 1851 ya wallafa wasiƙu biyu zuwa ga Lord Aberdeen, tsohon sakataren harkokin waje, inda ya maimaita wata magana da ya ji a birnin, cewa wannan mulki musun Allah ne da aka mai da shi tsarin gwamnati. Palmerston ya aika kwafinsu ga ofisoshin jakadancin Birtaniya a Turai don a nuna wa gwamnatoci. Magoya bayan gidan Bourbon sun ce ya zuzuta adadin fursunonin, kuma Ingila da ke riƙe da Ayalan ba ta da bakin yi wa wani wa'azi. Maganar Ayalan tana da ƙamshin gaskiya. Amma sarƙar da ke ƙafar Poerio ba ƙage ba ce.

A taron sulhu na Paris na 1856, bayan yaƙin Kirimiya, wakilin Birtaniya Lord Clarendon ya caccaki gwamnatin Napoli a gaban manyan ƙasashe. Aka nemi sarki ya yi afuwa ya gyara kotuna, ya ce ba mai koya masa mulkin ƙasarsa. A Oktoba Birtaniya da Faransa suka janye ma'aikatan jakadancinsu. Kusan shekara uku babu jakada. A tsakanin ne aka kama wasu injiniyoyi biyu 'yan Ingila a jirgin Cagliari, wanda 'yan tawayen Carlo Pisacane suka ƙwace a 1857, sai a 1858 aka sake su aka biya diyyar fam 3,000. A farkon 1859 sarki ya fitar da Poerio da abokan ɗaurinsa ya sa a kai su Amurka, suka karkatar da jirgin zuwa Ayalan, aka karɓe su a Landan kamar gwarzaye.

Ferdinand na II ya rasu ranar 22 ga Mayun 1859, ɗansa Francis na II ya hau yana da shekara 23. Landan ta maido da hulɗa ta turo Henry Elliot, ɗan Lord Minto, kuma ƙanin matar Lord John Russell, wanda ya zama sakataren harkokin waje a watan Yuni. Saƙon Elliot ɗaya ne, ya yi ta nanata shi: a yi gyara, a ba da tsarin mulki, tun kafin lokaci ya ƙure. Saurayin sarki ya saurari tsofaffin fadawan ubansa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar 11 ga Mayun 1860 Giuseppe Garibaldi, jagoran masu fafutukar haɗa kan Italiya, ya sauka a Marsala ta yammacin Sisili da mutum dubu da 'yan kai. Jiragen yaƙin Ingila biyu, Argus da Intrepid, suna tashar a ranar, sun zo kare rumbunan giyar da fataken Ingila ke da su a garin, kwamandojin Napoli kuma suka yi jinkirin buɗe wuta har mutanen suka gama sauka. Landan ta ce katari ne kawai. A ƙarshen watan, a cikin jirgin babban hafsan ruwan Ingila Rodney Mundy aka zauna maganar tsagaita wuta a Palermo, janar-janar na sarki suna fuskantar wanda jiya suke kira ɗan fashin teku. Francis ya ba da tsarin mulki ranar 25 ga Yuni, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A Yuli Faransa ta nemi Birtaniya su haɗa jirage su hana Garibaldi tsallaka mashigar Messina, wadda ta raba Sisili da kudancin Italiya. Russell ya ƙi. Wannan ƙin shi ne babban abin da Ingila ta yi a duk shekarar, ya kuma fi harsashi tasiri. Garibaldi ya tsallaka a Agusta, sarki ya bar Napoli ranar 6 ga Satumba ya nufi ganuwar Gaeta, washegari Garibaldi ya shigo birnin a jirgin ƙasa.

Elliot bai bi sarkin da aka turo shi wurinsa zuwa Gaeta ba. Ya zauna a Napoli, ya ma gana da Garibaldi a jirgin Mundy, ya isar masa da gargaɗin Landan kada ya taɓa Venis, wadda ke hannun Ostiriya a lokacin, don kada Ostiriya ta shigo yaƙin. Ranar 21 ga Oktoba aka yi ƙuri'ar raba gardama ta haɗewa da masarautar Sardiniya, mai fada a Turin a arewacin Italiya. Ranar 27 ga watan Russell ya aika wa Sir James Hudson, jakadan Birtaniya a Turin, takardar da ta bayyana cewa mutanen Italiya su ne suka fi kowa sanin maslaharsu, a daidai lokacin da Rasha da Ostiriya da Prusiya ke yin Allah wadai da abin da ya faru. Gaeta ta miƙa wuya ranar 13 ga Fabrairun 1861, aka shelanta Masarautar Italiya ranar 17 ga Maris, kafin ƙarshen watan Birtaniya ta amince da ita, ta riga duk sauran manyan ƙasashe.

Kudancin Italiya bai samu kwanciyar hankali nan take ba. Shekaru aka yi ana gwabzawa a duwatsun yankin tsakanin sojojin sabuwar ƙasa da gungun mayaƙan ƙauye, wasunsu masu biyayya ga Francis, wanda ya zauna gudun hijira a Roma har 1870, ya rasu a 1894 bai sake ganin Napoli ba. Amma daga nan babu sauran fada a Napoli, jakadan Birtaniya yana Turin. A 1863 Hudson ya bar aiki, Russell ya naɗa Elliot a gurbinsa jakada a sabuwar Italiya, jaridun Landan suka yi ca a kansa cewa ya ture gogaggen ma'aikaci don ya ba ƙanin matarsa kujera.